Ni da Surukina a Kan Dutse Mai Aman Wuta

Ina iya manta ranar da na fara sauka a Jidda, ina iya manta ranar da aka miƙo mini iƙamata ta farko, wato takardar izinin zama, amma daren da muka kwana a jikin dutse mai aman wuta ni da surukina, wannan kam sai dai in mutu da shi. Shekaru sun ja yanzu. Duk da haka, in na tuna, sai dariya ta kama ni ni kaɗai a kan hanya, wani lokacin kuma in ji idona ya ciko.

Ni mutumin Haɗeja ne, aikina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma a unguwar Bani Malik ta Jidda nake zaune. Matata haifaffiyar Jidda ce, haka ma mahaifinta. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don aikin hajji, bai koma ba. Hausarsu tana nan ba ta ɓata ba, sai dai ta sha Larabci ta ƙoshi. Lokacin da abin nan ya faru, shekarar aurenmu uku, kuma a cikin shekara ukun nan ban taɓa kai loma bakina a gaban surukina ba. Haka na taso na gani a gida. Mahaifina da furfurarsa, in ya je gaida kakana na wajen uwa, a zaure yake tsugunawa, ko ruwa aka kawo masa ba ya sha.

Su kuwa a nan, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'ya'ya da jikoki suna taruwa a gidan surukin nawa, Baba, da ke unguwar Aziziyya. A shimfiɗa leda a ƙasa, a dire ƙaton farantin shinkafa da nama, kowa ya sa hannu. Ni sai in gaisa, in ce na ƙoshi, in ce bari in duba mukayyif ɗin falo na ji kamar yana ƙara. Mukayyif ɗin nan ya sha dubawa, alhali lafiyarsa ƙalau. Matata ta yi magana ba sau ɗaya ba. "Wallahi Baba yana jin abin nan a ransa," take cewa. Ni kuma in ce mata, "Ke ba ki san al'ada ba, a nan aka haife ki." Gaskiyar magana har alfahari nake yi, ina ganin ni na kawo musu tarbiyya daga tushe. Tsakanina da Baba kuwa magana ba ta wuce uku: lafiya, ya aiki, madalla. Na ɗauka dattako ne kawai.

Yayan matata shi ne sarkin yawo. Shi ya zo mini wata rana da bidiyo a waya, wasu samari tsaye a bakin wani ƙaton rami a kan dutse, rana tana fitowa a bayansu. Ya ce a arewa da Madina yake, cikin harra, wato dajin baƙaƙen duwatsun nan da wuta ta amayar tun zamanin da. Akwai jagora da ke kai mutane, a kwana a jikin dutsen, a hau kansa kafin gari ya waye. Ban bari ya rufe baki ba na ce a sa da ni. Ni da na taso inda ko tudun kirki babu, zan hau dutsen da ya taɓa yin aman wuta! Na je kasuwar gwanjo na sayo takalmi mai kauri, na riƙa sa shi ina zagaya ɗaki, matata tana dariya. Na buga wa mahaifiyata waya ina ba ta labari, sai ta ce, "Wuta a cikin dutse? To kai me ka ajiye a can?" Na ce wutar ta mutu tuntuni. Ta ce Allah ya sa ita ma wutar ta san da haka.

Mu takwas ne, cikin sanyi za a tafi. Ana gobe tafiya sai mutum ɗaya ya fasa, kuma da daddare matata ta shigo da labarin da ya sa na ajiye cokali: Baba ne zai maye gurbinsa. Ta ce shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙa motar alhazai tsakanin Makka da Madina, kullum yana wuce baƙaƙen duwatsun nan a gefen hanya. Tun yana saurayi aka gaya masa daga cikin ƙasa suka fito suna ci da wuta, ya ƙudura sai ya ga bakin da suka fito. To direba da mota cike da alhazai ina zai ratse? Yanzu ga shi ya doshi saba'in, gwiwa ta fara magana, shi da kansa ya ce in bai je bana ba, ba ya jin zai sake samun dama. Na ce Allah ya kai mu lafiya. A raina kuwa lissafi nake yi: kwana ɗaya da wuni biyu tare da suruki, a ina mutum zai ci abinci? Na fita na sayo biskit na cusa a can ƙasan jakata, na kuma yanke shawarar shiga motar da ba ya ciki.

Da muka idar da sallar asuba muka haɗu, motoci biyu. Kafin in buɗe baki yayan matata ya jefo mini makulli ya ce ni zan ja ta gaba, Baba a gefena tunda shi ya san hanya. Shayi kawai na sha a gida, jiya da dare ma ɗoki bai bar ni na ci abin kirki ba. Amma wa ya damu? Hanya ta miƙe, samari a baya suna ta surutu, Baba yana nuna mana inda tsohuwar hanya ta bi da inda mota ta taɓa mutu masa da alhazai arba'in. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, ko da yake ba da ni yake yi ba. Muka yi azahar a Madina. Da muka fita gari aka tsaya cin abinci, aka kawo faranti ɗaya kamar yadda aka saba, ni kuma na ce bari in duba ruwan mota. Na zagaya baya na tono jakata daga ƙarƙashin tantuna, biskit biyu na samu na jefa a baki, sai na ji ana yalla, yalla, wato a tafi.

A wani gidan mai a bakin harra muka tarar da jagoranmu. Badawi ne, wato Balaraben daji, siriri, baƙi wuluk saboda rana, muryarsa kuwa ta fi jikinsa girma nesa ba kusa ba. Muka bi tsohuwar motarsa a kan wata hanya da ba ta cancanci sunan hanya ba, har inda mota ta ce ita kam ta gama. Nan ya jera mu kamar 'yan makaranta. Ya bi jakunkunanmu ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa da hannu, ya ce duk su zauna a mota, bai yarda kowa ya ɗauki tarkacensa ba. Ina ji ina gani biskit ɗina ya koma but ɗin mota. Ya raba mu biyu-biyu, ya ba kowane biyu jaka ɗaya da ya haɗa da kansa: ruwa, dabino, bargo, ƙaramin tanti, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi. Da ya zo kaina ya nuna Baba ya ce, "Kai da wannan dattijo, tunda gidanku ɗaya." Sannan ya ɗaga yatsa ya faɗi dokarsa. "Kowa abokinsa amanarsa ne. In ɗaya ya kasa, su biyun sun kasa, nan za su zauna har mu dawo. Ba na barin mutum shi kaɗai a harra."

Na dubi Baba da sandarsa, na ce a raina, to, ko goya shi zan yi sai ya ga bakin dutsen nan. A tunanina yau ce ranar da zai san 'yarsa ta auri namiji. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa cikin mu biyu akwai wanda za a ji wa tsoro in ba shi ba.

Wanda bai shiga harra ba, ba zai gane ba. Duk inda ka duba baƙi ne, ƙasa ta ƙone ta dunƙule kamar ƙanzon tukunya, ba itace, ba tsuntsu, ba ƙarar komai sai ta takalmanmu. Wani wurin dutsen ya murɗe tamkar igiya, kana ganin yadda ya kwarara yana ruwa sannan ya daskare a haka. Na riƙa tsugunawa ina shafawa ina cewa ikon Allah. Jagora ya kai mu bakin wani kogo da ya ce ta nan wutar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa. Na sa fuskata, wata iska mai sanyi ta buso, na ce wa samarin ga mukayyif da bai taɓa neman mai gyara ba, suka kwashe da dariya. Can gaba kuwa ga dutsen tsaye, baƙi, kansa a yanke, yana ƙara girma duk takun da muka yi. Zuciyata sai bugawa take yi don murna.

Duk bayan ɗan lokaci jagora zai daka tsawa, "Moya!" wato kowa ya sha ruwa, ya ci dabino. Ni ke ɗauke da jaka, sai in durƙusa in miƙa wa Baba gorarsa da ƙullin dabinonsa da hannu biyu, in juya in kama ɗaukar hoto. Sau biyu na ce zan kama ruwa, na laɓe bayan dutse na kurɓi kaɗan da sauri. Na ce wa kaina, kai da kake azumi a kan rufin gidajen Jidda da tsakar rana, wannan ɗan wunin ne zai gagare ka? Na manta cewa mai azumi yana yin sahur, kuma ba ya hawa dutse da kaya a baya.

Dab da magariba muka isa wani fili a kafaɗar dutsen, muka kafa tantuna. Rana tana faɗuwa sanyi ya sauko mana gaba ɗaya. Mutanen Jidda ba su san sanyi ba, yayan matata da ya zo da 'yar rigar sanyi ta gayu har haƙoransa suna haɗuwa. Muka haɗa magariba da isha, jagora ya hura wuta da itacen da ya sa samari suka ɗauko, ya kwaɓa fulawa a kan wani faffaɗan dutse, ya binne ta cikin garwashi. Da ta gasu ya tono ta, ya kakkaɓe tokar, ya farfasa ta cikin man shanu da dabino. Jama'a, ƙanshin gurasar nan! Har yau in na tuna yawuna yana tsinkewa. Aka zagaye kwano, Baba ya matsa gefe ya bar wuri daidai zaman mutum ɗaya kusa da shi. Na miƙe na ce bari in ɗan yi waya gida. Aka yi ta dariya, wai wace waya, nan ko aljani ba shi da sabis. Sai na ce cikina ne yake ɗan juyawa. Baba ya ɗago ya dube ni, ya mai da hannunsa kwano.

Na zauna nesa kaɗan ina kallon sama. Ban taɓa sanin taurari suna da yawa haka ba, a Jidda fitilu sun cinye su. Jagora yana ba da labarin abin da ya ji daga kakanninsa, yadda wuta ta riƙa gudu a kwari kamar ruwan sama, Baba yana ta yi masa tambayoyi kamar yaro. Na ji daɗi ƙwarai a daren nan, da yunwar da komai. Dabarata ita ce in kowa ya yi barci in ci dabinona a cikin duhu. Da muka shiga tanti, ɗan mitsitsi ne na mutum biyu, sai Baba ya jawo jakar ya yi matashin kai da ita. Na kwanta a gefe na ƙame kamar itace. Cikina ya fara kuka, ina yin tari don in rufe ƙarar. Can na ji ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya ce to, ya juya.

Wajen ƙarfe uku da rabi jagora ya tashe mu. Muka bar tantuna a nan, muka ɗaura fitilu, muka kama hawa. Daga nan dutsen ba dutse ba ne, tsakuwa ce baƙa mai santsi, ka yi taku biyu ta dawo da kai ɗaya. Na ɗaga kai na ga fitilunmu a jere suna hawa cikin duhu, na ji wani farin ciki ya cika ni har na fara kabbara a hankali. Baba yana gabana, yana dogara sanda yana tasbihi, bai tsaya ko sau ɗaya ba sai in an ce a tsaya. A wani ɗan lungu muka yi taimama muka yi asuba. Da na ɗago daga sujada ta ƙarshe na ji ƙasa ta ɗan juya, na ce barci ne.

Ba barci ba ne. Muna shiga wuri mafi tsayi sai gumi mai sanyi ya karyo mini, a cikin wannan sanyin. Hannuwana suka kama rawa, kunnena ya cika da ƙara, fitilar Baba ta zama biyu. Na ce a raina saura kaɗan, daure. Na ɗaga ƙafa, gwiwata ta ƙi. Abin da na sani kawai na kife, tsakuwa ta ɗauke ni ta yi ƙasa da ni, na kai hannu na cafki wani dutse mai kaifi ya tsarge mini tafin hannu. Da na buɗe ido, mutum na gani a zaune dirshan a kan tsakuwa, ya kafa dugadugansa, ya riƙe igiyar jakar da ke bayana da hannu biyu. Baba ne. Yadda tsohon nan ya juyo ya sauko ya cafke ni, har yau ban sani ba.

Jagora ya gangaro da gudu. Ya haska idona, ya taɓa wuyana, ya ɗaure mini hannu, sannan ya zuge jakar. Ƙullin dabino biyu ya sa mana, ga ɗaya ya kusa ƙarewa, ga ɗaya ko kwance shi ba a yi ba. Gorata kuwa da kaɗan ta ragu. Ya ɗaga su sama yana tambaya da ƙarfi, wannan na wane ne? Na sunkuyar da kai. Yayan matata ne ya yi masa bayani da Larabci, rabi faɗa rabi dariya, cewa tun daga Jidda ban ci komai ba, wai a garinmu ba a cin abinci a gaban uban mata. Badawin nan ya dube ni kamar ya ga sabuwar halitta. "Kunya?" ya ce. "A harra?" Ya buga hannu a cinya. "Halas, shi ke nan. Ku biyun nan za ku zauna. Saura ku taso, rana ba za ta jira mu ba."

Na ɗaga kai. Gabas ta fara ja, ga bakin dutsen nan ana ganinsa, bai fi tafiyar rabin awa ba. Tun yana saurayi mutumin nan yake jiran wannan rabin awar, ya taka da ƙafarsa har nan bai gaza ba, ni da na zo goya shi na zama sanadin da zai koma bai gani ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara roƙon jagora ya tafi da Baba ya bar ni, wallahi ba zan motsa ba. Ko kallona bai yi ba. Baba ne ya ɗaga masa hannu ya ce, "Tayyib, ku je. Dokarka daidai ce."

Fitilu suka yi sama suka bar mu. Iska tana ta kaɗawa. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya jawo bargo ya yafa mini, sannan ya yi magana da Hausarsa mai nauyin Larabci.

"Na san al'adar nan," ya ce. "Mahaifina ya ba ni labarinta. Da ka fara, na ce wata ɗaya ne zai daina. Na ce to shekara. Ya waladi, ɗana, ni a nan aka haife ni. A nan, wanda ya ƙi cin abincinka, kai ya ƙi. Ni direba ne, ban tara komai ba, abin da nake da shi in ba mijin 'yata shi ne farantin nan. Duk Juma'a ni nake zuwa kasuwa in zaɓo naman da hannuna, in ce yau zai zauna. Sai ka tafi wurin mukayyif." Ya ɗan yi murmushi. "Har na ce wa uwar yaran, ko dai yana ganin mun zama Larabawa ne, abincinmu bai kai ba."

Ni da nake ganin ina girmama shi, ashe duk mako sai na ɓata masa rai, kuma an gaya mini ban ji ba. Na ce, "Wallahi Baba girmanka nake gani." Ya ce, "Na yarda. Da raini ne, ba za ka kai kanka bakin mutuwa a kansa ba. Yau na tabbatar." Ya kwance ƙullin dabinon ya ajiye a cinyata, ya buɗe gorar ya dire kusa da ni. Sai ya dafa sanda, ya juya da ƙyar a kan tsakuwar nan, ya ba ni baya, ya fuskanci duhu.

"To ga shi ba na ganinka," ya ce. "Ci."

Na dubi bayan tsohon nan, da ƙeyarsa mai furfura, da rigarsa da tsakuwa ta yaga garin cetona. Hawaye suka zubo mini, ban iya tare su ba. Shi ya bar tasa al'adar ya bi tawa, a kan dutse, bayan na hana shi abin da ya zo nema. Na ɗauki dabino ɗaya na kasa kai shi baki. Na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Don Allah ka juyo mu ci tare." Da ya juyo, ya matso har gwiwarmu ta haɗu, ya sa hannu a ƙullin ya ce bismillah. Loma ta farko da ƙyar ta wuce, kunya kamar ta kashe ni. Ta biyu ta fi sauƙi. Daga ta biyar kuwa ba na jin na bar masa rabonsa, yana tura mini yana cewa a hankali, sha ruwa, ba gudu za su yi ba. A nan rana ta fito ta same mu, muna tofar da ƙwallon dabino.

Jikina ya dawo kamar an kunna inji. Ba a jima ba sai ga jagora ya gangaro shi kaɗai, ya bar sauran a sama ya zo duba mu. Ya ga ƙullin babu komai, ya ga gora ta yi rabi. Ya sa na miƙe, na yi taku goma na dawo, ya leƙa idona. Baba bai roƙe shi ba, kallonsa kawai yake yi. Badawin ya yi tsaki, ya karɓi jakar ya rataya a kafaɗarsa, ya ce, "Yalla. A hankali. In ka sake faɗuwa, nan zan binne ka."

Rabin awar nan ta zame mana kusan awa guda. Baba a gaba, ni a baya, jagora yana bin mu yana mita. Sai kawai tsakuwa ta ƙare, ƙasa ta buɗe a gabanmu. Allahu akbar! Rami ne zagayayye, faɗinsa ya ɗauke unguwa guda, bangonsa ja da baƙi da ruwan toka, can ƙasa shiru kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba. Ka juya baya kuma, harra ce shimfiɗe iya ganinka, ga hanyoyin da wutar ta bi a kwance, ga wasu fararen duwatsu can nesa a tsakiyar baƙin. Na yi ihu, ni da kaina, ihu na gaske, samari suka amsa daga ɗaya gefen. Baba ya taka har bakin ramin ya tsaya, iska tana kaɗa rigarsa. Sannan ya share ido da bayan hannu ya ce, "Ashe daga nan kuke." Da duwatsun yake.

Yayan matata ya zo yana nuna masa hotunan fitowar rana, yana cewa Baba ka yi asara, laifin wannan ne. Baba ya tura wayar gefe ya ce rana ai a Jidda ma tana fitowa, shi rami ya zo gani kuma ya gani. Ya kama hannuna mai lafiya ya ce a ɗauke mu hoto. A hoton nan idona a kumbure, hannuna a naɗe, bakina har kunne.

Abin da na koya a kan dutsen nan ban koye shi a makaranta ba. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina tsugunawa in gaida manya, kuma haka nake koya wa 'ya'yana. Amma girmamawa don wanda ake girmamawa ake yin ta, ba don mai yi ya ji daɗin kansa ba. In kana yi wa mutum ladabi shi kuwa ciwo yake ji, to ka tsaya ka tambaye shi, kada ka ce ai haka aka saba a garinku. Ni ban tambaya ba, an gaya mini ma na toshe kunne. Shekara huɗu muka yi muna ci a faranti ɗaya ni da Baba kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Da na saurara tun farko, da shekara bakwai ne.